Ado da Amfani a Jikin Tukunyar Ƙasa

Mandawari tana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar birnin Kano, a yau kuma tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Gwale. Masana tarihi suna danganta sunanta da wani malami daga cikin Wangarawan da suka iso Kano daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. An ɗauki wannan unguwa misali a nan ne saboda gidajenta, domin gidan Bakano na cikin birni shi ne wurin da ya fi dacewa a auna matsayin tukunyar ƙasa a rayuwar Bahaushe, jiya da yau.

Wanda ya shiga irin waɗannan gidaje shekaru hamsin ko sittin da suka wuce, zai yi ta karo da aikin magina tukwane tun daga soro har ƙuryar ɗaki. A ƙofar gida akwai randar da aka girke domin sadakar ruwa ga masu wucewa. A saman katanga ga indararo yana jiran damina. A tsakar gida ga tulun ɗebo ruwa, da kwatarniyar wanki, da kaskon da kaji ke shan ruwa, ga kuma tukwanen da aka rataye wa tantabaru su yi ƙwai. A madafa akwai tukunyar tuwo da ta miya, da tandar waina. Maigida yana da shantalin alwala, tsohuwa tana da kaskon jin ɗumi da gululun da ke gindin mazarinta, amarya tana da kaskon turaren wuta, yaro kuma yana da asusun da yake tara kuɗin salla. A babbar tukunya ake dafa wa maijego ruwan wanka, kuma a maƙabartun Kano har yanzu da tukwanen ƙasa ake rufe kabari kafin a mayar da ƙasa.

A yau mafi yawan waɗannan kayayyaki sun ba da wuri. Butar roba ta kori shantali, tukunyar alminiyam ta hau murhu, bokiti da jarka sun karɓi aikin tulu, ruwan leda da ƙanƙara sun rage wa randa kasuwa. Ba a zargin kowa da wannan sauyi, domin mutum yakan zaɓi abin da ya fi masa sauƙi ne. Sai dai akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu ilimin zamani da ke kishin al'ada, wadda ya kamata a tsaya a duba ta da kyau. Fahimtar ita ce, tun da tukunyar ƙasa ta rasa aikinta a gida, to hanyar ceto ta ita ce a mayar da ita kayan ado zalla: a shafe ta da fenti, a zana mata furanni, a ajiye ta a falo ko a harabar otal. Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, wannan hanya tana iya samar wa wasu magina abin sakawa a bakin salati, amma ba za ta raya sana'ar ba, domin adon tukunyar Bahaushe daga aikinta ya tsiro, kuma duk ranar da aka raba su biyun, to dukkansu sun raunana.

Kafin a gane haka sai an san yadda ake ginin. Magini yakan haƙo yumɓu daga fadama ko bakin rafi, ya jiƙa shi ya kwana, ya tsince tsakuwa da saiwoyi, sannan ya cuɗa shi da abin da zai hana shi tsagewa a wuta, kamar dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi. A wurare da yawa na ƙasar Hausa akan kife wata tsohuwar tukunya ne, a shimfiɗa yumɓu a bayanta, a bubbuga shi har ya ɗauki siffar gindinta. Idan ya sha iska aka cire, sai a ci gaba da ɗora yumɓu ana jan sa da hannu har a kai kafaɗa da wuya da baki. Babu injin juyi a wannan aiki, ido da tafin hannu su ne ma'auni. Ana yin ado ne a ɗan tsakanin nan da tukunya ta fara ƙarfi amma ba ta bushe ba, lokacin da farce zai iya shiga jikinta ba tare da ta lotsa ba. Daga nan sai shanya, sai kuma matoya, inda ake jera tukwane a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a cinna wuta.

Abin lura shi ne kayan da ake yin adon da su, domin kusan dukkansu daga gona da daji suke. Akan murza totuwar masara a jikin ɗanyar tukunya ta bar sawu irin na saƙa. Akan tufka 'yar igiya a gangara ta da tafin hannu a kewayen kafaɗa. Tsinke ko tsagin kara shi ne alƙalamin zane. Akan goge jiki da santsin dutsen rafi, ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, har ya yi sheƙi. Jan launi daga jar ƙasa yake, ƙyallin da ake gani kamar an barbaɗa zinariya daga wata ƙasa ce mai walƙiya da ake damawa a shafa, baƙi kuwa hayaƙi ne ke bayar da shi. Wasu magina sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi daga wuta. Ke nan tun kafin a zo maganar siffar da aka zana, muhalli ya riga ya sa hannunsa a jikin tukunya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikin da yake yi bayan ƙawa. Kaushin da totuwa ko igiya ke bari a kafaɗar tulu shi ne ke hana shi suɓucewa daga jiƙaƙƙen hannun yarinyar da ke sauke shi daga ka. Gugar da ake yi wa tukunyar miya tana toshe ƙananan ƙofofin jikinta, ta rage tsiyaya. Makuba ma haka take yi. Randa kuwa ba a son a toshe ta, saboda sirrin sanyinta yana cikin waɗannan ƙofofi ne. Wutar matoya ba ta kai zafin da zai narkar da yumɓu ya zama kamar gilashi, don haka jikin randa yakan riƙa naso a hankali. Idan iska ta busa wannan danshi ya tashi, sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki, daidai yadda gumi ke sanyaya jikin ɗan Adam. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ruwan randa yake fin daɗi, da damina kuwa da iska ke cike da laima sanyinsa ya ragu. Maginin da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya san inda zai goge da inda zai bari, ya san inda zane zai zauna da inda zai raunana tukunya. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuce yake ba.

Dangane da siffofin da ake zanawa, wanda ya ƙura wa tukwanen ƙasar Hausa ido zai ga layuka ne suka fi yawa: madaidaita da masu lanƙwasa, da ɗige-ɗige, da jerin kusurwoyi. Mai gaggawa zai ce babu wata halitta a nan. Amma layin da ke hawa yana sauka a kewayen wuyan tulu, da igiyar ruwa yake kama, ko da sawun maciji a kan yashi. Ɗige-ɗigen da ke cike fili suna tuna wa mutum jikin zabuwa. Gajerun layuka da suka fito daga jijiya guda dama da hagu, ganyen dabino ne ga duk wanda ya san dabino. Bahaushe ya saba da irin wannan taƙaitawa a sauran sana'o'insa. Shahararren zanen nan da ake kira dagi, wanda ake gani a bangon gidaje da wuyan riguna, har ya zama tambarin Arewa, sunan tafin ƙafar dabba irin su zaki da damisa ya ɗauka, alhali babu zaki babu damisa a cikinsa.

Addini yana da hannu a wannan. Hadisai sun yi gargaɗi a kan sura abu mai rai, shi ya sa mai sana'a Musulmi yakan kauce wa zana dabba ko mutum a fili. Amma ƙofa ba a rufe take ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya kai kukansa wurin Abdullahi ɗan Abbas, shi kuma ya nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Saboda haka maginin Kano da ke son faɗaɗa adonsa yana da fili mai yawa: ganyen kuka, da furen tumfafiya, da zangarniyar gero, da kwanson bagaruwa, da jinjirin wata. Duk waɗannan a ƙofar gidansa suke. Abin takaici shi ne, yawancin furannin da ake shafawa da fenti a jikin tukwanen ado na bakin titi, an kwaikwayo su ne daga jikin kwanukan tangaran da atamfofin da aka shigo da su, furannin da mai zanen bai taɓa ganin sun tsiro a ƙasarsa ba.

Akwai tarihin da ya kamata duk mai tunani a kan wannan batu ya sani, wato tarihin Ladi Kwali. An haife ta wajejen 1925 a ƙauyen Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce, ta kuma koya tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwarta. Manyan randunanta sun yi fice saboda kyan siffa da kuma zanen da take tsagawa a jikinsu: ƙadangare, da kunama, da hawainiya, da kada, da kifi, da tsuntsu, kowanne a cikin gurbinsa tsakanin layuka. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin masu tara tukwanenta, kuma a fadarsa ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko Cardew a 1950 domin ya inganta sana'ar, shi kuma ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin Abuja na wancan lokaci, wanda aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan da aka keɓe sunan Abuja ga sabon babban birnin tarayya. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da ta yi haka. Ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne ke bayan takardar naira 20 tun 2007, tana sunkuye a kan aikinta, ko da yake da yawa daga masu kashe takardar ba su san ko wace ce ba.

Darasin da ke cikin wannan tarihi yana da fuska biyu. A cibiyar, Ladi ta ci gaba da gina randunanta da hannu kamar yadda ta gada, amma da wani irin yumɓu na daban, aka shafe su da ruwan da ke zama gilashi, aka gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ya fito ya ƙayatar da duniya, yau ma yana cikin manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. Amma waɗannan randuna sun yi nauyi, sun yi tsadar da matar ƙauye ba za ta iya saye ba, kuma tun da an toshe jikinsu, sun daina sanyaya ruwa. Siffar randa ce da zanen randa, sai dai ba a sha daga cikinta. Faɗin haka ba rage wa Ladi daraja ba ne, domin ita ta nuna wa duniya cewa hannun macen Gwari ya kai na kowane gwani. Abin da ake nufi shi ne, hanyar da ta ɗaukaka mutum ɗaya mai baiwa ba lalle ta ciyar da dubban maginan da kasuwarsu ita ce gidajen talakawa ba. Idan har rufin gilashi na gwanaye ya kashe aikin randa, ina ga fentin mai da ake shafawa a yau? Randar da aka shafe da fenti ba ta numfashi, kaskon turaren da aka shafe cikinsa da shi kuma ƙaurin fenti yake haɗawa da ƙamshi.

Misali na biyu daga wani malamin makaranta ya fito, kuma ta wata hanya daban ya bi. Mohammed Bah Abba ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuma taso a gidan da aka san ginin tukwane. A shekarun 1990 ya lura da yadda kayan lambu ke lalacewa a hannun manoman karkara saboda rashin wutar lantarki. Sai ya ɗauki tukwane biyu, babba da ƙarama, ya sa ƙaramar a cikin babbar, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da ɗanyen tsumma. Danshin da ke tashi ta jikin babbar tukunya yana janye zafin abin da ke cikin ƙaramar. A gwaje-gwajen da ya yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono kuma suka kai mako uku. Wannan aiki ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, dabarar kuma ta yaɗu har ƙasar Sudan. Bai ƙara wa tukunya komai ba sai sabon aiki, kuma magina na gargajiya ne suka riƙa gina masa dubban tukwanen da ya rarraba. Idan aka sami irin wannan buƙata, ado zai biyo baya da kansa, domin magini ba ya son sakin tukunya tsirara, mai saye ma idan ya tarar da biyu farashi ɗaya, mai kyan zai ɗauka.

Masu sukar tukunyar ƙasa suna da hujjojinsu, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji su ba. Tana fashewa, tana da nauyi, ba ta jure yawan ƙaura daga gidan haya zuwa gidan haya. Wannan gaskiya ce, ba wanda zai ce a koma ɗebo ruwa da tulu daga nesa alhali ga jarka. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lafiya. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa da hannu a ciki tana iya yaɗa cututtukan ciki, musamman lokacin annobar amai da gudawa. Amma maganin wannan yana hannun magini: a ƙuntata baki, a yi mata murfi nata na yumɓu, a huda gindi a sa ƙaramin famfo. Ita ma jarkar roba da ke kwana a rana, wadda ba a iya sa hannu a wanke cikinta, ba ta tsira daga zargi ba. Tsingaron tulu kuwa ko dai a daka shi ya koma cikin sabon yumɓu, ko ya koma ƙasa, ba ya toshe kwata kamar yadda leda da roba ke yi wa lungunan cikin birni duk damina.

Matsalar da ta fi waɗannan zurfi ita ce ta daraja. Ginin tukwane ba ya cikin sana'o'in da Bahaushe ke tinƙaho da su. Aiki ne na laka da hayaƙi, ribarsa kaɗan, kuma mai sari yakan fi mai gini samu. Garuruwa irin su Dawakin Tofa a jihar Kano da Mirya kusa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun yi suna da wannan sana'a, amma ɗan magini da ya shiga makaranta yakan ji nauyin faɗin sana'ar gidansu a gaban 'yan ajinsu. Daga ina yaro ya koyi wannan kunya? Wani ɓangare nata daga aji ne, inda malami ke ambaton sana'o'in gargajiya da muryar da ake ba da labarin abin da ya mutu.

A nan ne maganar ta iso kan malamin Hausa. Yadda aka saba koyar da wannan darasi sananne ne: a rubuta ma'anar sana'a a allo, a jero kayan aiki, a jero abubuwan da ake samarwa, a rufe da muhimmancinta ga al'umma, ɗalibai su kwafa su haddace domin jarrabawa. Yaro zai iya cin maki goma cikin goma bai taɓa riƙe ɗanyen yumɓu ba. Illar wannan ba ta tsaya ga sana'a ba, har harshe take shafa, domin kalma takan bi abinta. Yaron Mandawari na yau yana jin kalmar asusu kullum a rediyo, ana cewa asusun banki ko Asusun Ba da Lamuni na Duniya, amma wataƙila bai san asalinta 'yar tukunya ce mai tsaga a ka, wadda ba a cire abin da ke ciki sai an fasa ta ba. Ya san tukunyar gas. Idan aka ce masa albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, zai iya maimaitawa, har ya kawo ma'anar da aka ba shi, amma hoton da ya haifi karin maganar, wato fasasshen gindin tukunya da aka ajiye wa kaji a gindin bango, ƙadangare na leƙowa yana sata, ba ya cikin kansa. Kalmomi irin su shantali da kwatarniya da tsingaro da matoya da gululu kuwa suna dab da zama baƙi a bakin matasan birni. Malamin da ya koyar da su a matsayin jerin sunaye kawai, ya taimaka wajen binne su.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji a wata firamare ta cikin birni yana iya sayen ƙaramin tulu da kasko da asusu da kuɗin da bai kai na littafi guda ba. Ya ajiye su a gaban aji, ya bar yara su taɓa, su faɗi abin da zanen ya yi musu kama da shi. Wani zai ce ƙaya, wani ya ce haƙoran kada, wata ta ce kitson kakarta, kuma wannan gardama ita ce darasin siffantawa da kamantawa, wanda a wani makon za a sha wahalar koyar da shi a ƙarƙashin adon harshe. Ya zuba ruwa a tulu da kuma a butar roba da safe, a ajiye su a inuwa guda, a ɗanɗana kafin tashi, sannan ya sa su rubuta abin da suka gani da dalilinsa. Ga insha'i, ga kimiyya, duk cikin Hausa. Ya aike su gida su tambayo kakanninsu sunayen kayan ƙasa da aka yi musu jere da su, kafin zuwan kwalla da samira, su kawo a haɗa ƙaramin ƙamus na aji. Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihin Kano, tafiyar ƙafa ce daga Mandawari. Wanda ya sami dama ya je Jos kuwa, gidan tarihin da aka buɗe a can a 1952 yana da tarin tukwane daga sassan Nijeriya daban-daban, waɗanda Sylvia Leith-Ross ta tattara ta kuma wallafa bayaninsu a 1970.

Abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne a gayyato magini ko magina cikin makaranta, a shimfiɗa masa tabarma a gaban aji, a gabatar da shi da sunan malami na wannan rana, a kuma biya shi ladan lokacinsa kamar yadda za a biya duk wani baƙon masani. Yara su gan shi yana mayar da curin laka tulu cikin ɗan lokaci, su ji kalmomin sana'ar daga bakin mai ita, waɗanda da yawansu ba su shiga littafi ba, kuma sukan bambanta daga gari zuwa gari. Sannan a ba kowane yaro ɗan yumɓu, a ce ya fita harabar makaranta ya samo abin da zai yi ado da shi, ko ganyen darbejiya ne ya danna, ko totuwa ya murza, ko ƙwallon dabino ya dangwala. Yawancin abin da za su gina zai tsage kafin ya bushe, kuma ya kamata a bar shi ya tsage, sannan a tambayi baƙon dalili. Shi zai gaya musu ko ruwa ne ya yi yawa, ko tsingaro ne ya yi kaɗan, ko kuwa an shanya a rana ne maimakon inuwa.